Hoton Hector Pieterson

Hoton Hector Pieterson hoto ne baƙi da fari da Sam Nzima, mai ɗaukar hoto na jaridar The World, ya ɗauka a unguwar Orlando West ta Soweto, Afirka ta Kudu, ranar 16 ga Yuni, 1976. Yana nuna wani saurayi rungume da Hector Pieterson, yaro ɗan makaranta da 'yan sanda suka harba, yayar yaron kuma tana gudu a gefensa. Ana lissafa shi cikin hotunan da suka fi bayyana wa duniya zahirin mulkin wariyar launin fata.

Asalin tarzomar

A 1974 gwamnatin turawa tsiraru ta ba da umarnin a koyar da wasu darussa, ciki har da lissafi, da harshen Afrikaans a makarantun baƙar fata. Ɗalibai na kallonsa a matsayin harshen masu danniya, malamai da dama ma ba su iya shi sosai ba. Da safiyar 16 ga Yuni ɗalibai dubbai, tsakanin 10,000 zuwa 20,000 bisa ƙiyasi, suka fito zanga-zanga da kwalaye a hannu. 'Yan sanda suka tare su, suka jefa hayaƙi mai sa hawaye, daga bisani suka buɗe wuta.

Hector yana da shekara 12, ko da yake wasu rahotannin lokacin sun ce 13. Mbuyisa Makhubo, ɗan shekara 18, shi ya ɗauke shi daga ƙasa ya sheƙa da shi neman mota. 'Yar jarida Sophie Tema ta kai su asibitin Phefeni, inda aka tabbatar ya cika. Ana kyautata zaton wani yaro, Hastings Ndlovu, aka fara harbi a ranar, sai dai shi ba a samu hotonsa ba, sunansa kuwa bai yi nisa ba. Yawan mamata ma akwai saɓani: an fi ambaton 176, kwamitin bincike na Cillié ya ƙirga 575 a faɗin ƙasar zuwa Fabrairun 1977, wasu kuma na cewa adadin ya zarce haka.

Abin da ke cikin hoton

Mutum uku ne a gaba, kowanne da nasa hali. Hector ya saki jiki, kansa ya langaɓe, jini a bakinsa. Makhubo ya yamutsa fuska, ga nauyin da ya ɗauka ga firgici. Antoinette, yayar Hector, tana sanye da kayan makaranta, baki buɗe tana kuka, ta ɗaga tafin hannu kamar mai son tare abin da ya riga ya auku. Makhubo da Antoinette sun fuskanto kyamara a guje, don haka mai kallo yakan ji kamar wurinsa aka nufo da yaron.

Babu ɗan sanda ko bindiga a cikin hoton. Abin da harsashi ya bari kawai ake gani, kuma a nan ƙarfinsa yake. Hoton arangama kan bar ƙofar musu a kan wa ya fara tsokana. Yaro a hannun wani, da yayarsa cikin yunifom, ba su bar wannan ƙofa ba. Masana zane a Turai da Amurka sukan kwatanta tsarinsa da Pietà, wato siffar Maryamu rungume da gawar Yesu a al'adar Kirista. Kwatancen na da amfani ga masu wannan al'ada, amma iyaye a Soweto ba su buƙaci shi kafin su gane abin da suka gani ba.

Yadda ya fita

Nzima ya ce sau shida ya danna kyamararsa a wurin. Da ya fahimci za a ƙwace kayan aikinsa, sai ya zare fim ɗin ya cusa a safa. 'Yan sanda sun lalata sauran finafinan da ke hannunsa, wannan ya tsira. The World, ƙarƙashin editanta Percy Qoboza, ta buga hoton, kafin a ce me ya bazu a jaridun ƙasashen waje. Ranar 19 ga Yuni Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi Allah wadai da kashe-kashen a ƙuduri mai lamba 392. Takunkumin dole na hana sayar wa Afirka ta Kudu makamai ya biyo baya a Nuwamban 1977, bayan mutuwar Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, a tsare. Ko nawa ne rabon hoton a cikin wannan sauyi, masana tarihi ba su yi ittifaƙi ba.

Makomar waɗanda abin ya shafa

Hoton ya zame wa Nzima alaƙaƙai. Jami'an tsaro suka sa shi a gaba har ya bar aikin jarida ya koma ƙauyensu Lillydale, inda aka yi masa ɗaurin talala. Gwamnati ta haramta The World a Oktoban 1977. Bai mallaki haƙƙin hoton nasa ba sai a 1998, bayan shekara 22 ana buga shi ko'ina. Ya rasu a watan Mayun 2018.

Makhubo ya tsere zuwa Botswana, daga nan Najeriya. Wasiƙarsa ta ƙarshe ga mahaifiyarsa daga Najeriya ta fito, wajajen 1978, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 2013 an yi ta raɗe-raɗin cewa shi ne wani mutum da ke tsare a Kanada, amma gwajin ƙwayoyin halitta bai tabbatar ba.

Antoinette, wadda aka fi sani da Antoinette Sithole, ta yi aikin zagayawa da baƙi a gidan tarihin da aka sa wa sunan ƙaninta.

Tunawa

An buɗe Gidan Tarihin Hector Pieterson a Orlando West a 2002, kusa da inda aka harbe shi. Ranar 16 ga Yuni ita ce Ranar Matasa a Afirka ta Kudu, kuma tun 1991 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ware ta a matsayin Ranar Yaran Afirka. A 2016 mujallar Time ta sa hoton cikin jerin hotuna 100 mafiya tasiri a tarihi.