Ƙaura daga Kebbi zuwa jihohin bakin teku: tambayoyi da amsoshi

Ci-rani zuwa Kurmi tsohuwar al'ada ce a Jega, Aliero, Argungu da Yauri. A gama girbi, a kama hanya, a dawo kafin ruwan shuka. Abin da ya sauya shi ne yawan masu tunanin tafiya da mata da 'ya'ya su zauna gaba ɗaya, wasu saboda tsadar noma, wasu kuma, musamman na ƙasar Zuru da maƙwabtanmu na Zamfara, saboda 'yan bindiga. Ga tambayoyin da masu wannan niyya suka fi yi.

Wai waɗanne jihohi ne na bakin teku, kuma duk zamansu ɗaya ne?

Takwas ne: Legas, Ogun, Ondo, Delta, Bayelsa, Ribas, Akwa Ibom da Kuros Riba. Zamansu ba ɗaya ba ne. A Legas da Ogun Musulmin Yarbawa suna da yawa, masallaci ba ya wuyar samu, kuma Hausawa sun daɗe a Agege, Idi-Araba, Obalende, kasuwar Mile 12 da unguwar Sabo ta Shagamu inda cinikin goro ya kafa su. Gabas da nan Musulmi 'yan tsiraru ne, rayuwar Bahaushe kuma ta fi taruwa a unguwa guda, kamar Bogobiri a Kalaba ko unguwar Hausawa ta Warri. Mai zuwa da iyali karo na farko zai fi samun sauƙi a yamma.

Daga Birnin Kebbi hanyar ita ce Jega, Koko, Yauri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan, sannan Ikko, wato Legas. Ta haura kilomita 800, kuma babbar mota mai kaya takan kwana a hanya. An ƙaddamar da aikin sabon titin Sakkwato zuwa Badagiri a 2024, zai ratsa Kebbi, amma kada kowa ya ɗora lissafinsa kan titin da ba a gama ba.

Malam, ni zafin bazara ne ya ishe ni. Gaskiya ne can ya fi sanyi?

A ma'auni, e. A jiki, ba lallai ba. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan wuce digiri 40, na Legas kuwa da wuya ya wuce 34. Bambancin yana cikin iska. Tamu busasshiya ce a bazara, zufa tana fita tana bushewa, bushewar nan ce ke sanyaya fata. Shi ya sa randa ke sanyaya ruwa, shi ya sa wanda ya yayyafa wa tabarma ruwa ya kwanta a tsakar gida yake samun barci. A bakin teku laimar iska kan kai kashi 80 cikin 100 ko fiye, zufar ba ta da inda za ta je, sai ta zauna a jiki. Dare ba ya sauka ƙasa da digiri 24 sosai, kwanan waje kuma babu shi saboda sauro da ruwa da rashin fili. Ɗakin da ba fanka, ko da fankar amma ba wuta, ya fi daren Afrilun Argungu wahala. Yara sukan fito da ƙurajen zufa a wuya da baya cikin makonnin farko. Maganinsu wanka sau biyu ko uku, tufafin auduga mara nauyi, da rage shafa mai mai kauri.

Riba ta gaskiya a nan ita ce hunturu. Ƙurar da ke tayar wa masu asma ciwo daga Disamba zuwa Fabrairu tana isa bakin teku a raunane, kwanaki kaɗan. Kaushi da fashewar leɓe da haɓo suna raguwa ƙwarai.

Ruwan sama kuwa wani abu ne dabam. Mu muna samun abin da bai kai milimita 1,000 ba a shekara, cikin wata huɗu. Legas tana samun fiye da 1,500, Fatakwal fiye da 2,000, Kalaba kusan 3,000. A Legas ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Wanda sana'arsa ta tebur ce a bakin titi ya san cewa akwai ranakun da ba zai kasa kaya ba sam.

Me damshin ke lalatawa?

Kusan duk abin da muka saba adanawa. Gero da dawa da ke shekara a rumbu a Bunza suna iya yin fumfuna da ƙwari cikin 'yan watanni in an ajiye buhu a ƙasa. Hatsin ya bushe sosai kafin a ɗauko shi, a zuba a jarka ko durom mai murfin da iska ba ta shiga, ko buhu mai leda biyu a ciki, a ɗora kan katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji a sa su a robobi masu murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Kilishi yana laushi ya yi fari-fari. Takalman fata, littattafai da shaddar da aka ninke a akwati suna kama wari. A riƙa fito da su duk ranar da rana ta buɗe.

Kusa da teku kuma iska tana ɗauke da gishiri. Kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, janareta, keken ɗinki, ƙarƙashin mota da mahaɗin wayoyin sola suna tsatsa da saurin da ba mu sani ba a Arewa. A wanke ƙarƙashin mota da ruwan daɗi a kai a kai, a shafa giris a kan batir, a yi wa ƙarfe fentin hana tsatsa kafin na ado. Mai sola ya ƙara faranti a lissafinsa, domin hadarin Yuni zuwa Satumba yana rage caji sosai.

Ba a ce zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a Kurmi ba?

Wannan magana tana buƙatar gyara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a Najeriya, a Legas kuwa kashi 2. Don haka yaron da ya bar fadamar Kebbi ya koma cikin birnin Ikko ba wuta ya faɗa ba. Sai dai sauron can ba shi da hutun rani, gidan sauro na shekara ne gaba ɗaya, kuma ƙauyukan cikin ruwa na Neja Delta ba kamar Legas suke ba. Bayelsa ce tare da Kebbi aka fara ba wa rigakafin zazzaɓin a Disamba 2024, saboda haka uwar da ɗanta ya fara karɓa ta riƙe katinsa da kyau, ta tambayi asibiti yadda za a kammala kafin tafiya. Sanƙarau irin wanda ya addabi Zamfara da Kebbi a 2017 ciwon yankin busasshiyar iska ne, bakin teku yana wajen wannan yanki.

Abin tsoron can ruwan sha ne. Ruwa yana kusa da saman ƙasa, masai da rijiya suna maƙwabtaka, ambaliya kuma tana haɗa su. Kwalara ta ɓarke a Legas a Yuni 2024. A yankin Lekki ruwan burtsatse sau da yawa yana da gishiri ko jan ƙarfe, ba ya shawuwa. A sa kuɗin ruwan sha a kasafin wata. A Fatakwal akwai baƙin hayaƙi da ke sauka kan gari tun wajen 2016, mai ciwon ƙirji ya yi tunani sau biyu.

Nawa zan tanada don haya?

Nan ne yawancin masu ƙaura ke karyewa. Hayar shekara ake biya gaba ɗaya, sannan a ɗora la'adar dillali, wadda aka saba kashi 10, da kuɗin rubuta yarjejeniya, shi ma kashi 10, da kuɗin ajiya na abin da za a iya lalatawa. A ce ciki da falo ne na naira 600,000: kafin ka karɓi makulli ka fitar da 720,000, ban da kuɗin ajiya, kuma dillalai da yawa suna neman fiye da haka. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ce mai hayar shekara a ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba. Dokar ba ta shafi Ikoyi, Apapa, Victoria Island da Ikeja GRA ba.

Kada a biya ko sisi sai an ga mai gida ko lauyansa ido da ido, an shiga ɗakin, an tambayi maƙwabta. Damfarar da ta fi yawa ita ce a karɓi kuɗin mutum uku a ɗaki ɗaya. A biya ta banki, a karɓi rasit. A duba bango daga ƙasa: layin datti ko fentin da ya kumbura zuwa gwiwa shaida ce ruwa na shiga. Dakalin da aka gina a bakin ƙofa ana tsallakawa, shi ma shaida ne. A tambayi bashin wuta da ke kan mita. Gidan da aka gani a Janairu ba a san shi ba. A je a gan shi a Yuli, awa ɗaya bayan ruwa.

Sannan nisa. Ɗaki mai araha a Ikorodu ko Sango yana iya cin awa biyu zuwa uku a gosulo kowace safiya, abin da aka rage a haya kuɗin mota ya cinye shi.

Wace sana'a ce ke tafiya, wacce ce ba ta tafiya?

Ribar bakin teku ita ce masu saye ba sa ƙarewa, kuɗi na juyawa kullum, ba sai kaka ba. Abinci ya fi komai: albasa, tattasai, wake, shinkafa, nama, busasshen kifi. Haɗin gwiwar shinkafar Lake tsakanin Legas da Kebbi a 2016 a kan wannan aka gina shi, mu da noma, su da baki. Wanda ke da ɗan'uwa mai ɗora masa kaya daga Aliero ko Jega yana da abin da ɗan garin ba shi da shi. Amma albasar da ke watanni a rudu a gida ba ta jure damshin Mile 12. A kawo abin da za a sayar cikin mako, kuma a lissafa kuɗin sauke kaya, na ƙungiyar kasuwa da na 'yan tasha kafin a ce an ci riba.

Kabu-kabu kuwa a cire shi daga lissafi. Tun 1 ga Yuni 2022 an hana shi a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo, kuma babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. Abin takaici ne a ga saurayi ya sayar da gonar gado ya sayi babur, a ƙwace shi cikin wata ɗaya.

Kiwo a sake ma ya zama laifi a mafi yawan jihohin nan tun dokokin 2021, ga sammore da kirci da kaska da ke kama shanun Arewa a damshi. Kawo dabba a sayar a kasuwar shanu ta Kara ko mayankar Oko-Oba ta Legas yana tafiya. Ajiye garke ba ya tafiya. Sarkawan Yauri da Argungu su sani teku ba Neja ba ce: ruwa yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kwalekwalen kogi ba ya jure igiyarsa, kuma kowane rafi yana da al'ummar da ke iko da shi, ba a jefa taru sai da izininsu.

Ma'aikaci kuma kada adadi ya ruɗe shi. Mafi ƙarancin albashin da Legas da Ribas suka sanar a 2024 naira 85,000 ne, na Kebbi 75,000. Dubu goman nan ba ta biyan bambancin haya.

Ni mace ce, 'ya'yana huɗu. Yaya tarbiyya da karatu?

Hajiya, makarantun boko da asibitoci sun fi yawa, yara kuma suna kama Turanci da Yarbanci da wuri. Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas a Yuni 2022. Abin da za ki rasa shi ne gida irin namu. Gidan hayan talaka ɗakuna ne a jere suna kallon juna, banɗaki da madafa na kowa da kowa, babu zaure, babu tsakar gida. Matar da ta saba da kulle za ta sha wuya, kuma babu kaka ko gwaggo da za a bar wa yaro. A nemi ɗaki kusa da Islamiyya kafin a nemi mai kyau. Babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati a waɗannan jihohi. Rikicin aure da gado wurin limamai da Sarkin Hausawa ake kai shi, don haka takardar aure da ta gado a yi su tun daga gida. A taho da takardar haihuwar yara, ta shaidar ƙaramar hukuma, katin rigakafi da takardar canjin makaranta.

Wanda ya gudo daga 'yan bindiga zai sami kwanciyar hankali?

Zai yi barci ba tare da sauraron ƙarar babura ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma baƙo baƙo ne. An yi rikicin ƙabilanci a Shagamu a 1999, a Idi-Araba a 2002, a Mile 12 a 2016, a Oyigbo a 2020, kuma a Maris 2025 aka kashe mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa gida daga Fatakwal. Akwai 'yan ƙungiyar asiri a unguwanni, akwai rusau da kan share rumfuna cikin kwana ɗaya. Ana isa a gabatar da kai ga Sarkin Hausawa, a riƙa yawo da katin ɗan ƙasa, a Legas a yi rajistar mazauna ta LASRRA. Kada a yi tafiya da bindigar farauta, takobi ko adda, ko da lasisi.

To ta ina zan fara?

Maigida ya tafi shi kaɗai, ya sauka wurin ɗan gari, ya yi wata uku da suka haɗa da Yuni da Yuli, yana rubuta abin da ya samu da abin da ya kashe kullum. Idan bayan ci, sufuri da aike gida abin da ya rage a wata bai kai kashi ɗaya cikin 12 na hayar shekara ba, lokacin ɗauko iyali bai yi ba. Gona kada a sayar. A ba da ita aro ko haya a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuce. Fili a can kuma a jinkirta saye har sai an shekara biyu, kuma sai lauya ya bincika taswirarsa a ofishin filaye, a Legas na Alausa, domin 'yan gadon ƙasa da ake kira omo-onile suna sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, wani filin ma na gwamnati ne. Kuɗin motar komawa gida na kowa da kowa a ware shi a asusu dabam tun ranar da aka iso.