Lambar Ƙasa, Wadda Ke Raɗa wa Kaso Suna

Idan aka rubuta 3/4, mukan karanta shi "uku bisa huɗu". Huɗun nan da ke ƙarƙashin layi ita ake kira lambar ƙasa, kuma aikinta shi ne ta faɗa maka gida nawa aka raba abu, kowane gida daidai da ɗan'uwansa. Ta sama kuwa ƙirge kawai take yi: a cikin gidajen nan, nawa aka ɗauka? Shi ya sa sunan kaso daga ƙasa yake fitowa. In biyu ce rabi, uku sulusi, huɗu rubu'i, biyar humusi, shida sudusi.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa 1/12 ya fi 1/4, tunda 12 ta fi 4 yawa. Ba laifinsu ba ne, haka ƙirge ya saba musu. Amma dubi agogo. Awa ɗaya minti 60 ce. Raba ta gida huɗu, kowane gida minti 15. Raba ta gida 12, kowane gida ya koma minti 5 kacal. Duk sanda masu rabo suka ƙaru, kason kowa sai ya ragu.

Wajen tarawa ma agogon nan yana warware rigima. Sau da yawa za ka ga yaro ya haɗa 1/2 da 1/3 ya rubuta 2/5, wato ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. To, rabin awa minti 30 ne, sulusinta 20, jimla 50. Amma 2/5 na awa minti 24 ne, ko rabin da aka fara da shi bai kai ba! Dole sai an mayar da su ma'auni ɗaya tukuna: 3/6 da 2/6, a samu 5/6. Ni a ganina malamin da ya fara da wannan misali kafin ya ba da ƙa'ida ya hutar da ɗalibansa hadda.

Layin da ke tsakani ma da tarihinsa. Masana lissafi na Indiya sun daɗe suna ɗora lamba bisa lamba ba layi, sai a ƙarni na 12 aka gan shi a rubutun al-Hassar, wani masanin lissafi na ƙasar Maroko. Ma'anar layin rabawa ce, don haka sifili ba ya zama lambar ƙasa: in ka rubuta 3/0, babu lambar da za ka ninka da sifili ta ba ka uku.