Shin mabuɗin sirri na kwantum ba ya satuwa?

Me ake rabawa a wannan fasaha?

Fasahar rabon mabuɗi ce ta kwantum, wato mai aiki da dokokin kimiyyar ƙananan ƙwayoyi irin na haske. Mabuɗi kawai ake rabawa, ba saƙon ba. Mutum biyu da ke son magana a asirce suna buƙatar jerin lambobi iri ɗaya, na kullewa da buɗewa. A 1984 Charles Bennett da Gilles Brassard suka fito da tsarin BB84, inda ake ɗora lambobin a kan ƙwayoyin haske, a tura su ɗaya bayan ɗaya.

Me zai hana mai laɓe ya kwafe su a hanya?

Halittar hasken ce ke hana shi. Ƙwayar haske ba ta kwafuwa daidai, kuma wanda ya auna ta bai san yadda aka saita ta ba, jirkita ta zai yi. In ya tare kowace ƙwaya ya auna, ya tura wata a madadinta, kuskure zai shiga kashi 25 cikin 100 na lambobin. Su kuwa masu maganar sukan ware wani ɓangare su gwada a fili. Da kuskuren ya haura kimanin kashi 11, sai su watsar da mabuɗin su sake sabo.

To ke nan babu ɓaraka?

Akwai, kuma nan ne nake so mai karatu ya natsu. Lissafin daidai yake, amma na'ura ƙirar ɗan'adam ce. A 2010 masu bincike a Norwe suka dallare na'urar karɓa da haske mai ƙarfi har ta makance, suka nuna ana iya kwashe mabuɗin ba tare da kuskure ya bayyana ba. Ga kuma nisa: haske yana dusashewa a igiyar fiba, kuma ba a iya ƙara wa ƙwayar ƙarfi. Shi ya sa layin Beijin zuwa Shanghai, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya dogara da tashoshi a tsakani, kowacce tana ganin mabuɗin. In ɗaya ta ci amana, shi ke nan. Sannan fasahar ba ta tabbatar maka da wa kake magana. Wannan sai an nemi wata dabara.

Me ya sa ake ta kashe kuɗi a kanta?

Saboda a 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum, wato mai lissafi da dokokin kwantum, za ta iya karya RSA, ɗaya daga cikin makullan intanet da suka dogara da lissafi, shi kuwa mabuɗin kwantum da halittar haske ya dogara. Sai dai hukumar tsaron Amurka NSA ta fi amincewa da sabbin makullan lissafi da aka tsara don su jure wa kwamfutar kwantum, irin waɗanda hukumar ma'aunai ta Amurka NIST ta fitar a 2024, domin su ba sa buƙatar a shimfiɗa sabon layi.