Koren Shayi da Baƙin Shayi: Bishiyarsu Ɗaya

Mutane da yawa sun ɗauka koren shayi da baƙin shayi daga itatuwa daban suke fitowa. Ba haka ba ne. Duk ganyen tsiro ɗaya ne, Camellia sinensis, wanda asalinsa ƙasar Sin ne.

Bambancin a wajen sarrafawa yake. Koren, da an tsinko shi sai a gasa shi a kasko, ko a turara shi kamar yadda Japanawa ke yi, don kada ya canza launi. Baƙin kuwa murza shi ake yi, a bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu, kamar goron da aka ɓare aka ajiye.

Da yake ganyen tsiro ɗaya ne, shi ya sa shayin Buzaye ma, duk da korensa ne, yake hana barci kamar baƙin.