Waiwaye: Daga Akropong Zuwa Ajin Unguwa, Karatun Yara Masu Nakasa a Ghana

Da ware yara masu nakasa a makarantu na daban aka faro. A 1945 'yan mishan suka buɗe makarantar makafi a Akropong, a 1957 kuma Andrew Foster, kurma ɗan Amurka, ya kafa ta kurame a Osu cikin Accra. Mu nan yankin Kumasi, akwai ta kurame a Jamasi da makarantar Garden City a Asokore Mampong don masu jinkirin fahimta. Sun yi aiki, amma gurbinsu kaɗan ne, kuma iyaye da yawa a Aboabo da Asawase ba sa sakin yaro ya tafi makarantar kwana. Sai ya zauna gida.

Taron duniya kan karatun yara masu buƙata ta musamman da aka yi a Salamanca, ƙasar Spain, a 1994 ya juya akalar: makarantar unguwa ce za ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. Ghana ta fara gwaji a shekarar karatu ta 2003/2004 a wasu gundumomi na kudu. Dokar Nakasassu ta 2006 ta ba gine-ginen jama'a shekara 10 su zama masu shiguwa ga kowa. Wa'adin ya cika a 2016, matakalai na nan daram. Manufar ilimin bai-ɗaya, wato masu nakasa su yi karatu tare da sauran yara, ta fito a 2015.

Inda ake tuntuɓe shi ne cikin makarantar. Hedimasta ya ɗora komai kan malami guda, ranar da aka yi masa canjin wuri aikin ya mutu. Tantancewa a farkon shekara aikin kowane malamin aji ne: allon gwajin ido a tazarar mita 6, a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan, wanda ya kasa a tura shi asibiti, a kuma rubuta a fayil ɗinsa don malamin baɗi. Mai ƙarancin ji ya zauna gaba, malam ya daina magana yana fuskantar allo, domin leɓensa yaron ke karantawa.

Gangaren keken guragu ma magina kan ɓata shi. Duk tudun santimita 10 yana buƙatar tsawon santimita 120. In ya gaza haka, keken baya zai koma. Sau da yawa kuma a yi gangare a ƙofar aji a manta da bayan gida, yarinya ta riƙe fitsari har a tashi, bayan 'yan makonni ta daina zuwa.