Mene ne intarosefshan? Jin da ke kawo labarin cikin jiki

Gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa duk labarin waje suke kawo mana. Akwai wani ji da ba a cika sa shi a lissafi ba, shi kuwa labarin ciki yake kawowa: yunwa, ƙishirwa, matsuwar fitsari, bugun zuciya, sarƙewar numfashi, tashin zuciya. Masana suna kiransa intarosefshan. Charles Sherrington, masanin jijiyoyi ɗan Ingila, shi ya ware shi da suna a 1906, amma sai a 'yan shekarun nan kalmar ta yawaita a bakin likitocin ƙwaƙwalwa da masu maganin damuwa.

A bangon manyan jijiyoyin jini na wuya da na kusa da zuciya akwai 'yan ƙwayoyin da ke jin miƙewar jijiyar duk lokacin da zuciya ta buga. Huhu da ciki da hanji da mafitsara su ma suna da nasu. Yawancin saƙon yana hawa ta laka da wata doguwar jijiya mai suna bagus, wadda kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta daga jiki yake kai labari ƙwaƙwalwa, ba daga ƙwaƙwalwa yake kawo umarni ba. Can sama, wani sashe da ke ɓoye cikin ninkin ƙwaƙwalwa, insula, yana cikin manyan masu tattara shi. Mafi yawan aikin nan ba ma sanin ana yinsa. Sai abu ya yi ƙamari yake kai ga hankali.

To ina ruwan wannan da tsoro ko fushi? A 1884 William James, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya juya maganar da kowa ya saba. A ganinsa ba tsoro ne ke sa gaba ya faɗi ba. Gaban ne ke fara faɗuwa, jiki ya ɗau ɓari, jin wannan sauyin kuma shi ne tsoron. Walter Cannon ya ƙalubalance shi a 1927 da hujja mai nauyi: zuciya tana gudu in an tsorata, tana gudu in an fusata, tana gudu in ana zazzaɓi, ta yaya alama ɗaya za ta bambance su? A 1962 wasu masana biyu, Schachter da Singer, suka yi wa mutane allurar adiranalin, sinadarin da ke sa zuciya gudu, suka zaunar da kowannensu da wani mai nuna raha ko fushi, don su ga ko waɗanda ba a gaya musu aikin allurar ba za su ari yanayin na kusa da su. Sakamakon bai fito sarai kamar yadda ake yawan ba da labarinsa ba, amma tunanin ya zauna: jiki yana kawo saƙo, ƙwaƙwalwa ce ke duba halin da ake ciki ta ba shi ma'ana. Wani gwaji na Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2023 ya ƙara wa wannan ƙarfi. An sa zuciyar ɓeraye ta yi sauri da gangan, sai suka ƙara ɗari-ɗari, amma a inda dama akwai alamar haɗari kawai.

Mutane sun bambanta ƙwarai wajen wannan ji. Gwajin da Rainer Schandry ya fito da shi a 1981 mai sauƙi ne: ka zauna shiru, ka ƙirga bugun zuciyarka ba tare da ka taɓa wuyan hannu ba, na'ura tana ƙirga nata. Da yawa lissafinsu yana gaza na na'urar. Sarah Garfinkel da abokan aikinta suka nuna a 2015 cewa iya jin jiki daidai daban, yarda cewa ka iya kuma daban. Mutum na iya wuni yana kasa kunne ga ƙirjinsa, ya kuma kasa ƙirga bugunsa.

Shi ya sa nake ja da baya in na ji ana cewa "ka saurari jikinka" kamar maganin komai ne. Mai fama da firgicin da ke taso wa mutum haka kawai ba sauraro ya rasa ba, ya ma wuce gona da iri. Zuciya ta ɗan yi sauri, ya ce mutuwa ce ta zo, tsoron ya ƙara wa zuciyar gudu, gudun ya ƙara tsoron. David Clark ya zayyana wannan zagaye a 1986. Ɗaya daga cikin hanyoyin maganin wannan firgicin shi ne, bayan likita ya tabbatar zuciya da huhu lafiya suke, a sa mutum ya tsokano alamun da kansa a gaban ƙwararre: ya yi gudu a wuri ɗaya, ya juya a kan kujera har jiri ya ɗebe shi, ya yi ta maimaitawa har ƙwaƙwalwa ta saba cewa wannan bugun yana zuwa ya wuce.