Masu son taya buɗaɗɗun manhajoji zane, ga amsoshinku, a bar ni in huta

Na gaji da amsa tambaya ɗaya sau goma. Duk wanda ya ɗan iya zane a kwamfuta, da ya ji ana maganar manhajojin nan da 'yan sa-kai ke ginawa kyauta irin su GIMP da Inkscape da Krita da KDE, sai ya taho da ɗoki, kuma tambayoyin dai su ne ba sa canzawa. To ga su nan na tara wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Dole sai na iya rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, kafin a karɓe ni?

A'a.

Ana biya?

Galibi ba a biya. In kuɗi kake nema yanzu-yanzu ka nemi wani wajen, babu laifi.

Na sake wa manhajar fasali gaba ɗaya, na tura hoton, yau sati uku ba wanda ya tanka. Raini ne?

Ba raini ba ne ɗan'uwa, kai ne ka shigo ta taga. Ka zo jiya, ba ka taɓa amfani da manhajar na wata ɗaya ba, ba ka karanta ƙa'idojin zanensu ba, kawai ka zana hoto mai sheƙi ka ce a rushe aikin shekara goma a gina naka. Wa zai gina? Hoton nan da ka yi a dare ɗaya wani ne zai zauna wata shida bayan ya taso daga aikin da yake ci da kansa yana mayar da shi kod, kyauta, kuma shi za a riƙa zagi in abu ya lalace bayan kai ka ɓace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka je inda suke tara matsaloli, ka nemo ƙaramar guda, aikon ɗaya (ɗan ƙaramin hoton nan da ake latsawa) da ba ya fita sosai, ko taga ɗaya da maɓallanta suka cakuɗe, ka gyara wannan. GNOME, mai gina fuskar kwamfuta ta tsarin Linux kamar KDE, na da rubutattun ƙa'idojin fasali, KDE ma na da nata har da ƙungiyar masu zane da aka kafa a 2014 lokacin da salon adonta mai suna Breeze ya fito. Ka karanta tukuna.

Na tura PNG an ce bai isa ba.

Bai isa ba ɗin. Asalin fayil ake so, wanda wani zai buɗe ya gyara ba sai ya neme ka ba. Aikon da tambari SVG, irin fayil ɗin da ake ƙara wa girma ko a rage bai dushe ba. Zanen Krita ka haɗo da fayil ɗinsa na kra, na GIMP kuma xcf. PNG kaɗai kamar ka ba mutum ɗaki ne ka tafi da makulli.

To in da Figma ko Photoshop na saba fa?

Yi aikinka da abin da hannunka ya saba, ba wanda zai leƙo kwamfutarka. Amma abin da za ka miƙa ya zama wanda abokin aiki zai buɗe ba tare da ya biya wani kamfani ba. Akwai Penpot in zanen fuskar manhaja ne, buɗaɗɗe ne shi ma. Kuma ka buɗe SVG ɗin a Inkscape ka gani da idonka kafin ka tura, don sau da yawa wanda aka fitar daga wata manhajar yana zuwa da tarkace, rubutun ma ya kauce.

Na zana musu tambari, sun ce in sa masa lasisi. Wanne zan sa? Kuma in na sa, wani zai iya ɗauka ya canza ya sayar?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, sauran duk ɗumi ne. Kuma amsarta ya danganta, don haka a yi haƙuri da tsawo.

Da farko ka duba ko aikin yana da lasisin da ya riga ya tsayar wa zane-zanensa. In yana da shi to magana ta kusa ƙarewa, ka bi nasu ko ka haƙura. Aikon ɗin Breeze misali a ƙarƙashin lasisin LGPL suke, ba za ka kawo naka guda ɗaya da wani sharaɗi daban ka ce a cusa ba. In kuma sun bar maka zaɓi, yawanci lasisin Creative Commons (CC) mai suna CC BY-SA ake ɗauka, wato kowa ya yi amfani, ya canza, har ya sayar, amma ya ambaci sunanka kuma abin da ya fitar ya sake shi da sharaɗi iri ɗaya. Eh, har ya sayar, ka ji da kyau. Na san nan ne ran mutane ke ɓaci sai su ruga su ɗauko mai NC wanda ya hana kasuwanci, ko ND wanda ya hana canzawa. To ka sani Debian, ɗaya daga manyan masu haɗa tsarin Linux, ba ta saka irin waɗannan a babban rumbunta, kuma ayyuka da yawa za su ce maka sun gode kawai su wuce, saboda zanen da ba a iya gyarawa ba shi da amfani a inda komai gyara ne. Sannan lasisin CC ba a janye shi. In ka saki yau, gobe kuka yi faɗa da masu aikin, ba ka da ikon cewa a dawo maka da kayanka. Ka yi tunani kafin, ba bayan ba.

Amma fa tambari ba kamar hoton bango ba ne, a nan abin ke rikicewa. Akwai haƙƙin mallakar zanen, akwai kuma haƙƙin alamar kasuwanci, abu biyu ne daban, kuma lasisin CC bai taɓa na biyun ba. Ma'ana za a iya sakin zanen kowa ya taɓa, amma duk da haka ba a yarda wani ya manna shi a kan tasa manhajar yana nuna kamar ta asali ce ba. Wannan rikicin ne ya sa daga 2006 Debian ta riƙa fitar da Firefox da sunan Iceweasel da wani tambari daban, sai a 2016 aka daidaita sunan ya dawo. Shekara goma a kan suna da hoto. Debian ɗin kanta tambari biyu gare ta, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya an taƙaita amfani da shi. A ɗaya gefen kuma ga Tux, tsuntsun nan na Linux da Larry Ewing ya zana da GIMP a 1996, sharaɗinsa mai sauƙi ne, a yi amfani a canza, in an tambaya a ambace shi da GIMP, shi ya sa ka gan shi a kowane irin kaya da kamanni.

To wanne ya dace da kai? In ƙaramin aiki ne na mutum uku, ni da zan ce CC BY-SA 4.0 ka huta, tun 2015 ma an amince a iya shigar da abin da ke ƙarƙashinsa cikin aikin da ke ƙarƙashin lasisin manhaja na GPL na 3, amma hanya ɗaya ce, ba ta dawowa. In aikin yana da gidauniya a bayansa, mai yiwuwa su nemi ka miƙa musu tambarin don su iya kare sunan, wannan ba lallai cuta ba ce, amma ka karanta abin da za ka sa wa hannu. In kuma akwai kuɗi ko kamfani a ciki to ka ga lauya, dokar alamar kasuwanci ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ni mai zane ne. Kuma dan Allah ka duba salon rubutun da ka sa a cikin tambarin. Na sha ganin an gama komai an yi murna sai a gano haruffan na saye ne. Ka ɗauki masu lasisin OFL, wato buɗaɗɗen lasisin haruffa.

Me ya sa ba za a yi ƙuri'a kawai ba, wanda ya fi yawa ya ci?

A hoton bango ko hoton buɗewa, a yi. Inkscape na yin gasar hoton da ke fitowa a shafin bayanin manhajar, Debian ma na tambayar jama'a kafin ta zaɓi adon sabon fitowa, a haka zanen Juliette Taka ya fito fiye da sau ɗaya. Wannan ba ya karya komai. Amma inda maɓalli zai zauna ba abin ƙuri'a ba ne, don masu jefawa ba su ne za su riƙe abin ba, kuma mutum kullum abin da ya saba yake zaɓa. Shekara da shekaru a Blender, manhajar zanen 3D, da maɓallin dama na linzami ake zaɓar abu, sai a fitowar 2.80 a 2019 aka mayar da na hagu ya zama na farko, tsofaffin hannu suka yi ta guna-guni, sababbi kuwa suka samu sauƙi. Ba kuma ina cewa masu yanke hukunci ba sa kuskure ba ne. Da GNOME 3 ya fito a 2011 mutane sun fusata har wasu suka ɗauki tsohon suka ci gaba da shi da sunan MATE, Linux Mint kuma ta yi Cinnamon. Ƙofar a buɗe take, wanda bai yarda ba ya ɗauka ya yi nasa, sai dai ɗaukar da sauƙi, riƙon ne aiki.

An kwana uku ana gardama a kan shuɗi ko kore, ni kuma ainihin aikina ba wanda ya kalla.

Haka ake yi, kwantar da hankalinka. Kala kowa na da ra'ayi a kai saboda ba ta buƙatar ilimi. Tun 1999 Poul-Henning Kamp na FreeBSD, wani buɗaɗɗen tsarin kwamfuta, ya yi ƙorafin wannan da misalin gardama kan fentin rumfar kekuna. Maganinta ka kawo abin aunawa. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 a rubutu na yau da kullum. Ka auna, ka nuna, kalar da ta faɗi ta fita. Ka gwada a yanayin duhu da na haske, ka rage aikon ɗin zuwa ɗigo (pixel) 16 da 16 ka ga ko har yanzu ana gane shi. Rabin masu surutun za su watse.

An karɓi zanena, bayan wata biyu wani ya canza shi bai ko tambaye ni ba.

Ka koma ka karanta amsar lasisi. Kai ka ba shi izini. In canjin ya ɓata wani abu ka nuna inda ya ɓata da hoto gefe da gefe, ba da fushi ba. In kuma bai ɓata ba, kawai dai ba naka ba ne yanzu, to sai haƙuri. Ni ma ya taɓa yi min ciwo, ranar da na buɗe na ga an daidaita layukan wani aikon nawa, na rubuta dogon martani na goge, don da na rage girmansa na duba nasa ya fi nawa fita.

Sunana zai fito?

A tarihin canje-canje, eh, in da sunanka aka shigar. In wani ne ya shigar maka ka ce ya rubuta kai ka zana, ba rashin kunya ba ne.

Mai kula da aikin ya ce a'a bai ba da dalili ba.

Ka tambaye shi sau ɗaya, cikin ladabi. Ka jira sati biyu, shi ma ɗan sa-kai ne yana da iyali. In shiru, ɗauki wani aikon ka ci gaba.